Na faɗi jarrabawar OSCP, kuma har yau ban gaya wa yayana ba

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 31, ina aikin kula da kwamfutoci da layukan sadarwa a wani kamfani a Kaduna. Wata bakwai na yi ina shirin jarrabawar OSCP, wadda ake ba mutum na'urori ya kutsa cikinsu don gwada ƙwarewarsa a tsaron kwamfuta, kuma yayana ne ya ciri kuɗin daga jarinsa na kasuwa ya ranta mini. Makonni shida da suka wuce na zauna. Na zaɓi farawa ƙarfe goma na dare, don gidan ya fi shiru, wuta ma ta fi zama. Kafin asuba na gama da na'ura ɗaya gaba ɗaya, na mallaki ta farko a rukunin Active Directory (kwamfutocin Windows da ke haɗe ƙarƙashin iko ɗaya), na kuma samu shiga wata a wajen rukunin a matsayin ƙaramin mai amfani. Daga nan na kafe. Awa goma sha ɗaya ina neman cikakken iko a wannan na'urar, ban runtsa ba, ban ci abin kirki ba. Da rana aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, na rasa kusan awa guda. A lissafina maki 40 na samu. Saƙon faɗuwa ya zo tuni, amma har yau ina ce wa yayana sakamako bai fito ba. Matata kuma ta yi fushi, ta ce wata bakwai ita da yara ba su da ni, kuma ba za ta ƙara jurewa ba. Ina so in sake zama amma tsoro nake ji. Kaina ne bai kai ba? In na sake, yaya zan raba lokacin?

Ɗan'uwanku daga Kaduna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu da wannan gajiya, kuma sannu da riƙe magana a ciki har mako shida, don na san ita ta fi cin ka a yanzu. Batun kanka kuwa, ka kwantar da hankalinka. Wanda kansa bai kai ba ba ya tara maki 40 tsakanin goma na dare da asuba. A awa bakwai ka yi fiye da rabin abin da ake nema. Abin da ya kayar da kai ya faru ne a sauran awa goma sha shida, kuma abu ne da ake gyarawa da biro da takarda tun kafin ranar.

Zo mu yi lissafin tare, domin a nan ne zancen yake. OffSec, kamfanin da ke shirya jarrabawar, na ba ka awa 23 da minti 45, maki 100 ne a gaba, 70 ake so. Na'urori uku masu zaman kansu, kowace maki 20: goma in ka shiga, goma in ka zama mai cikakken iko. Sai rukunin Active Directory mai na'ura uku, maki 40. Tun 1 ga Nuwamba 2024 aka sauya tsarin rukunin nan: ana ba ka sunan mai amfani da kalmar sirri tun farko, kamar an riga an kutsa, kuma ana ba da maki kashi-kashi, goma a ta farko, goma a ta biyu, ashirin a babbar na'urar da ke riƙe da ragamar rukunin. A ranar ce kuma aka soke makin kyauta goma da a da ake samu ta atisayen kwas. To duba inda kake da asuba: 20 da 10 da 10. Saura 30. A cikin rukunin da ka riga ka sa ƙafa, maki nawa suka rage? Talatin cif. Na'urar da ka ba awa goma sha ɗaya kuwa, maki goma ne kawai suka rage a cikinta. Ko da ta buɗe maka, da 50 za ka tashi, faɗuwar dai tana nan. Ga kuma na'ura ta uku da ko a wasiƙarka ba ka ambace ta ba, da makinta 20 a zaune. Wato ka bar hamsin a tsakar gida, ka kwana kana haƙar goma a bayan ɗaki.

Ba zarginka nake ba. Kusan duk wanda ya taɓa irin wannan zama ya san abin da ke riƙe mutum. Kana ji kamar saura ƙiris. Ka riga ka zuba awa huɗu, barin ta sai ya zama kamar zubar da su. Ga taken kamfanin da kowa ya haddace, wai ka ƙara ƙoƙari, wanda mutane da yawa suka fahimta a matsayin ka ƙara nacewa a wuri ɗaya. Ga gajiya, wadda babbar illarta ita ce ba ta sanar da kai ta zo. Mutumin da ya yi awa ashirin ido biyu zai karanta layi ɗaya sau biyar, amsar tana ciki, ba zai gan ta ba. Shi ya sa shawarar barin na'ura ba a yanke ta a cikin jarrabawa. Kai na ƙarfe biyu na rana, marar barci, ba abin amincewa ba ne. Kai na yau, mai hankali a kwance, shi zai rubuta dokar, wancan ya bi.

Dokar da nake ba ka ita ce awa ɗaya da rabi. Ka kunna agogo duk lokacin da ka fuskanci na'ura. In ya buga ba ka samu sabon abu ba, ka rubuta layi uku, abin da ka gwada, abin da ka gani, abin da ba ka duba ba tukuna, ka tashi ka koma wata. Sai dai ka kula da abin da ake kira sabon abu, don nan ne zuciya ke yin wayo. Sabon sunan mai amfani, sabuwar kalmar sirri, ƙofar da ba ka san tana buɗe ba, fayil ɗin da ba ka taɓa karantawa ba, waɗannan su ne ke ba ka izinin sake kunna agogo. Gwada dabara ta biyar a kan ƙofar da huɗu suka gaza ba sabon abu ba ne, ko da ta fito daga sabon shafi. Kuma kada na'ura ɗaya ta ci maka fiye da zagaye biyu a jere, komai daɗin da take yi. Za ka yi mamakin sau nawa amsa ke faɗo wa mutum yana alwala, ko yana tsakiyar aiki a kan wata na'urar daban.

Lokacin farawa ma ka sauya. Na fahimci dalilinka na dare, amma ka duba abin da ya haifar: ka shiga jarrabawa bayan ka yini ido biyu, ƙarfinka ya ƙare daidai lokacin da aikin ya yi tauri, kuma babu gurbin barci a tsarin gaba ɗaya, tunda da gari ya waye gida ya tashi. Ka nemi tara na safe ko kusa da haka, ka yi rajista da wuri don lokutan safe suna saurin cika. Ka shiga minti goma sha biyar kafin lokaci saboda mai sa ido, wanda zai duba katin shaidarka, ya sa ka zagaya ɗakin da kyamara. Awar farko ba ta kutse ba ce, ta leƙe ce. Ka saki Nmap, manhajar da ke gano ƙofofin sadarwa da ke buɗe a na'ura, a kan duk abin da kake iya kaiwa, ƙofofin TCP duka 65,535, ba dubun da aka fi amfani da su kawai ba, da manyan ƙofofin UDP, musamman 161 ta SNMP wadda ake yawan mantawa. Binciken na tafiya a gefe, kai kuma ka shiga Active Directory da kalmar sirrin da aka ba ka, tun kanka na da sanyi. Dalilin fara da shi a bayyane yake: na'urori ukun nan ko ka cinye su duka 60 ne, ba mai cin jarrabawar nan ba tare da aƙalla maki goma daga rukunin ba. In kuwa ka gama da shi duka, shiga kawai a sauran ukun ta kai ka 70, ba sai ka zama mai iko a ko ɗaya ba.

Mu da ke salla an riga an yanka mana yinin. Azahar, la'asar, magariba, isha'i, hutu huɗu ke nan da ba sai ka ƙirƙira ba. Ka sanar da mai sa ido a akwatin hira cewa za ka tashi, ka bar kyamara a kunne, ka fita daga ɗakin da gaske. Ka yi salla a natse, ka ci abinci marar nauyi, ka gaisa da yara. A kowace dawowa, kafin ka taɓa komai, ka tambayi kanka maki nawa kake da su, kuma wace hanya ce mafi kusa zuwa 70 daga nan. In la'asar ta yi rukunin bai motsa ba, ka bar shi ka tafi masu zaman kansu har isha'i, sannan ka dawo. Sha biyu na dare ka kwanta, ko kana da 30 ko kana da 60, ka tashi da asuba. Na san zai yi maka kamar asarar awa huɗu ko biyar. Kai da ka gwada rashin barcin ka fi ni sanin abin da waɗancan awannin suka haifa maka. Bayan asuba kana da kusan awa uku, amma ta ƙarshe ba ta farauta ba ce, za mu zo kanta. Ka guji ranar Juma'a, kuma kada ka sa zaman a cikin azumi.

In ka kafe, yawanci ba dabara ce ta gagare ka ba, wani abu ne ba ka gani ba. Jarrabawar ba ta neman ka ƙirƙiro sabon rauni, abin da aka koyar a PEN-200, wato kwas ɗinta, take tambaya. Saboda haka ka rubuta jerin dubawarka tun yanzu, a takarda ko a manhajar da kake ajiye bayanai, ka bi shi kamar direban da ke duba mai da ruwa kafin tafiya. A Linux, me sudo, umarnin aron ikon shugaba, ya yarda ka yi, waɗanne ayyuka ne ke tashi da kansu a kan lokaci, waɗanne fayilolin saiti ne ke ɗauke da kalmar sirri. A Windows, wane izini asusunka ke da shi, wace hidima ce za ka iya sauya fayil ɗinta, me aka bari a tarihin umarnin da aka buga a PowerShell. Duk kalmar sirrin da ka tsinta ka gwada ta a kowace ƙofa da kowane suna. A rukunin, da zarar ka mallaki na'ura ta farko ka kwashe duk abin da ke cikinta na asusu, ka bar manhajar BloodHound ta zana maka alaƙar asusun, ka kuma kafa hanyar ratsawa zuwa sauran na'urorin rukunin da manhajar Ligolo-ng ko Chisel. Ina zargin nan ne ka ja da baya a karon farko: wataƙila kafa wannan hanyar bai zauna maka a hannu ba, sai ka koma inda ka fi sabawa. In na canka, ka san abin da za ka fi bai wa lokaci a makonnin da ke tafe. Wani abu kuma, kana da damar mayar da na'ura yadda take tun farko har sau 24, kuma ana iya sabunta adadin sau ɗaya. In dabarar da ya kamata ta yi aiki ta ƙi, ka mayar da na'urar kafin ka yanke cewa dabarar ce ba daidai ba. Metasploit kuwa, kundin shiryayyun dabarun kutse, na'ura ɗaya tak aka yarda ka yi amfani da shi a kanta, kuma da ka harba shi a kan wata, ko bai ci ba, ita ce rabonka. Ka ajiye shi sai dare ya yi nisa. Manhajojin da ke neman rauni da kansu irin su SQLmap da Nessus, da manhajojin hira irin su ChatGPT haramun ne a zaman. Ka sake karanta ƙa'idojin a makon jarrabawa, don sukan sauya.

Awar ƙarshe ta hujja ce. Akwai masu tara 70 su faɗi a nan. Kowane local.txt da proof.txt, wato fayilolin da ke shaida ka shiga na'ura ko ka mallake ta, sai ka shigar da abin da ke ciki a shafin jarrabawa kafin lokaci ya cika, kuma sai da hoton allo da ke nuna abin da ke cikin fayil ɗin tare da adireshin IP na na'urar a hoto ɗaya, daga cikakken zaman umarni, ba ta shafin yanar gizo ba. Ka yi wannan a take duk lokacin da ka samu, kafin murna. Ka riƙa kwafe kowane umarni da ya yi aiki yayin da kake tafiya, domin da lokaci ya ƙare an rufe hanyar, ba komawa ɗauko abin da ka manta. Bayan nan kana da wasu awa 24 na rahoto, wanda dole ya zama wani zai iya bin sa mataki-mataki ya maimaita abin da ka yi. Da ka kai 70, ka dakata, ka tabbatar hujjojinka sun cika, sannan in da sauran ƙarfi ka nemi ƙari.

Wuta ba ita ta kayar da kai ba, awa ɗaya ce cikin ashirin da huɗu, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu inbata ko batirin sola da zai riƙe kwamfuta da na'urar intanet, ko aro ne, janareta ya zama na uku ba na biyu ba. Layin data biyu na kamfani daban-daban, ka gwada kowanne da VPN, irin layin da ke haɗa ka da na'urorin jarrabawa, da kyamara a kunne na awanni. In gidan ba zai yiwu ba, ɗaki a gidan wani ɗan'uwa mai sola ya isa, muddin kai kaɗai ne a ciki. Sannan ka yi gwajin cikakken yini sau biyu kafin ranar, da agogon nan, da barcin nan, da dokar awa ɗaya da rabi. In har kana da damar shiga ɗakin gwajin kwas, rukunonin OSCP A, B da C an gina su ne a kan siffar jarrabawar. In ta ƙare, ka haɗa naka daga shafukan atisayen kutse irin su Proving Grounds ko Hack The Box. Makonni huɗun da ake jira bayan faɗuwar farko sun wuce, amma kada ka yi gaggawa, don in aka sake faɗuwa jiran ya zama takwas. Ka sa ranar nan da mako takwas zuwa goma, ka nemi hutun kwana uku a wurin aiki: jajibiri, ranar zama, ranar rahoto.

Yanzu maganar uwargida. Ɗan'uwa, tana da gaskiya, kuma ina so ka ji wannan ba tare da kare kai ba. Wata bakwai ta riƙe gida, ta hana yara ƙwanƙwasa ƙofa, ta yi ta jiran ranar da za a ce an gama, sai ga shi ana shirin cewa a sake. Abin da ta ce ba za ta jure ba, a fahimtata, ba karatun ba ne, rashin sanin ƙarshensa ne. To ka ba ta ƙarshe. Ka zauna da ita, ka gode mata da baki, ka nuna mata ranar a kalanda, ku yanka lokacin tare: misali awa biyu bayan asuba ko bayan yara sun kwanta, yini ɗaya a mako babu kwamfuta sam, sai kwana biyun gwaji da za ta san da su tun yanzu. Shirin karo na biyu ba ya bukatar irin awannin na farko, ilimin yana nan, tsari ake gyarawa. Ka kuma tambaye ta ko za ta fi son ta kai yara gida ranar zaman ko ta zauna, kada ka yanke mata. In ta ce a ɗaga zuwa bayan wani abu da ke gabanta, ka ɗaga. Jarrabawar ba ta gudu.

Yaya kuwa, wannan ce ba za ta jira ba. OffSec na fitar da sakamako cikin kwana goma na aiki, kuma ko bai san haka ba, ɗan kasuwa ya san ƙamshin magana idan ta fara tsami. Mutumin da ya ciri kuɗi daga jarinsa ya ba ka ya yarda da kai ne, ba da takardar ba. Faɗuwa zai iya haɗiye ta, da yawa daga masu riƙe da takardar nan sai a zama na biyu ko na uku suka samu. Abin da zai yi masa ciwo shi ne ya ji daga bakin wani. Ka je ka same shi shi kaɗai, ba ta waya ba. Ka ce, Yaya, na faɗi, kuma na ɓoye maka don kunya, ka yafe mini. Kada ka fara da labarin janareta. Bayan ya yi maganarsa, ka nuna masa yadda za ka fara biyan bashin daga albashi, ko kaɗan-kaɗan ne, ko ka ci ko ba ka ci ba. Kuɗin sake zama ya yi ƙasa da na kwas nesa ba kusa ba, kuma ina ganin ya fi kyau wannan karon ya fito daga aljihunka, ko da hakan zai sa ka ƙara wata guda kana tarawa. Za ka fi samun natsuwa a kujerar in ba jarin wani kake ji a wuyanka ba.

In kuma bayan gwaji biyun nan ka ga zaman yini guda bai dace da jikinka ko gidanka ba, akwai wasu jarrabawoyin irinta. PNPT ta TCM Security kwana biyar take bayarwa na aiki, da biyu na rahoto, sannan ka yi bayani baki da baki. CPTS ta Hack The Box kwana goma ce, kodayake zurfinta ba wasa ba ne. Gaskiya dai OSCP ta fi su fitowa a tallan neman ma'aikata, kuma kai da ka riga ka biya kwas ɗinta ka kuma kai 40 a awa bakwai, ni ita zan ce ka koma wa. Amma ka bar gwajin ya yi magana: in ka haura 70 a duka biyun kana bin agogo kana barci, ka zauna a ranar da ka sa. In ba haka ba, ka ɗaga da wata guda, ka duba ƙa'idar sauya rana tun da wuri don kada wa'adinta ya wuce ka.

Ka je wurin Yaya a wannan makon, kafin ka buɗe shafin rajista. Allah ya ba da sa'a, ya huci zuciyar uwargida, kuma a gaishe mana da yara.